Harafi Na Huɗu

Ruwa na dukan kwanon rufi a Kutaisi,
kogin Rioni na gunaguni a ƙarƙashin gada.
Ina murza ƙullin burodi mai cuku,
Tornike, ɗan shekara uku da wata biyu,
ya jingina wayata da kwalbar gishiri
ya ce, “Bebiya, kira mini mujiya.”

Mujiyar zane ce, da tabarau a kan baki.
Duk reshen da ta taka
sai ya lanƙwashe ya zama harafi,
ganga da sarewa na biye da ita.
An: raƙumi ya miƙe yana hamma.
Ban: kwaɗo ya faɗa cikin bokiti.
Gan: jirgin ruwa ya yi tari, hayaƙinsa curi-curi.
Yaron na amshi, bakinsa duk madara.

Shekara talatin da ɗaya na yi da alli a hannu.
Haruffanmu talatin da uku, masu nannaɗewa kamar igiyar inabi,
na ɗura wa rabin unguwar nan,
har da mai gyaran famfo da matar limamin coci,
ba harafin da ya taɓa yi musu rawa.
Yau ga tsuntsuwa ta karɓe mini aiki,
ba ta gajiya, ba ta tsawa,
ba ta ciwon gwiwa idan sanyi ya shigo.
Na ji haushinta. Ban ɓoye ba.

Sai Don ya iso.
Don na deda ne, uwa ke nan a bakinmu.
Wata mata mai rawayar riga ta turo ƙofa
ta buɗe hannuwa biyu.
Nan yatsansa ke sauka, waƙa ta tsaya cak.
Ya mayar baya. Ta sake turo ƙofar.
Ya mayar baya.

Mako shida muna nan.
Tsisana ta bene na biyu ta ce jikarta ta kai harafin ƙarshe,
tana rerawa har cikin motar haya.
Na ce sannu ba ta hana zuwa,
na shige ɗaki na cije leɓe.
Rannan na riƙe masa hannu don waƙar ta wuce.
Kukan da ya yi, har karen maƙwabta sai da ya taya shi.
Ban sake ba.

Nestan, ’yata, tana Atina.
Tana ba wani tsoho abinci a baki, ba ubanta ba ne,
tana juya shi a gado, tana yanke masa farce.
Lahadi da tara na dare take kira,
a wannan wayar dai, jingine da wannan kwalbar.
Yaro bai ga bambanci ba:
duk iyaye mata a bayan gilashi suke zama.

Jiya na juya in duba murhu.
Da na waiwayo, ya baje gari a kan tebur
ya ja layi da yatsa,
ƙusumbi biyu a sama, tumbi a ƙasa,
a karkace, kamar tunkiya ta zame a taɓo.
Amma Don ne. Ko makaho ya shafa zai shaida.

Da ta kira na haska mata teburin.
Ta yi shiru, na ɗauka layi ne ya yanke,
ashe bakinta ta toshe da hannu.
Tsohon ya yi kira daga ɗaki, ta ce sai wani makon.
Gilashi ya yi baƙi.
Tornike ya sa yatsa a gefen hagu,
inda ake mayar da waƙa baya.
Ya danna. Ya sake dannawa.
Ya dube ni, ni da na san haruffa talatin da uku.

Ban share teburin ba.
A kan cinya muka ci abincin safe.